Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Nuna Hoto: Daga Ina Ake Fara Bincike?

Kwamfutocin gida na shekarun 1980, irin su Commodore 64 da ZX Spectrum da Amiga 500, ba su zo da allon kallo nasu ba. Akwati ne mai madannai a kansa, komai yana ciki, sai ka ja waya ka haɗa shi da talabijin ɗin falo. Da wannan dabara aka karya farashinsu har mai ƙaramin ƙarfi a Turai da Amurka ya iya saya wa ɗansa, kuma ita ce yau take jawo musu hukuncin kisa a Legas. Talabijin mai doro da aka ƙera su domin shi ya kusa ƙarewa, filasmar da ke manne a bangon ɗakunanmu kuwa da wani tsari daban take aiki. Sai a jona, a ga baƙin allo, a ce ta mutu.

Har yanzu suna shigowa jefi-jefi cikin kayan gwanjo. Kwantena ta sauka a Apapa ko Tin Can, a buɗe ta a Alaba International da ke Ojo, abin da ke da kasuwa ya wuce Computer Village a Ikeja, saura kuma ya faɗa hannun 'yan'uwanmu masu sana'ar jari bola, a fasa, a cire jan ƙarfe, a auna a sikeli. Tun a 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shiga Legas kowane wata, kuma mafi yawansu ba sa aiki. A cikin wannan tuli ne waɗannan injuna suke salwanta, alhali kamfanin Commodore ya durƙushe tun 1994, babu mai sake ƙera irin kayan cikinsu na asali. Wannan yana damuna ƙwarai, domin da yawa daga cikin waɗanda ake fasawa lafiyarsu lau, wasu kuma gyaran da suke nema bai taka kara ya karya ba.

Idan famfon gida ya ƙi kawo ruwa, ba a farawa da haƙa sabuwar rijiya. Kan famfon ake dubawa, sai bututu, sai tanki, sannan injin da ke turo ruwan. Hoto ma hanya yake bi: wani aisi, wato ƙaramin baƙin guntu mai ƙafafu da yawa da ke kan fanal, farantin da kayan cikin kwamfutar ke zaune a kai, shi ke haɗa shi, ya bi ta wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ke mayar da shi siginar tasha, ya shiga waya, ya isa talabijin. Daga ƙarshen hanyar ake fara bincike ana komawa baya. Abu ɗaya ne kawai ya riga wannan, shi ne wuta.

Kada ka sake ka jona tsohuwar kwamfuta da tiransifomar da ta zo da ita kafin ka ɗora mitar awon wuta a kai. Da fari duba rubutun jikinta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, don haka tiransifomar da ta fito daga can idan ta shiga soket ɗin Legas hayaƙi za ta yi. Ko ta Ingila ce ko ta Jamus, ba ta tsira daga zargi ba. Commodore 64 wuta iri biyu take ci, bolt 5 na DC da bolt 9 na AC. Yawancin tiransifominta an cike cikinsu da wani danƙo mai tauri, zafi ba ya samun hanyar fita, kuma bayan shekara 40 abin da ke daidaita bolt 5 ɗin yakan gaji. Matsalar ita ce idan ya gaji ba lallai ne ya yanke wutar ba, sau da yawa ƙara ta yake yi. Aisi-aisin ciki an yi su ne su rayu tsakanin bolt 4.75 da 5.25. Da zarar wutar ta haura haka da nisa, na ƙwaƙwalwar ajiya ne ke fara ƙonewa. Ka ga ke nan mutum yana iya kashe lafiyayyar kwamfuta a daidai lokacin da yake gwada ko tana da rai. Ni dai shawarata, ko mita ta nuna daidai, a nemi sabuwar tiransifoma don amfanin yau da kullum, domin awon da aka yi babu kaya a kanta ba ya faɗin abin da za ta yi idan ta ɗauki zafi.

Akwai wani abu da ke ruɗar mutane a nan. Jar fitilar da ke saman Commodore 64 daga bolt 5 take samun wuta. Aisin hoto na samfurin farko kuwa, wato VIC-II, yana buƙatar bolt 12 wanda ake samarwa daga bolt 9 na AC, kuma akwai fiyus na gilashi a kan wannan layi a cikin akwatin. Fiyus ya tsinke, fitila na ci, allo baƙi ƙirin. Mai kaya zai rantse wuta na shiga, kuma bai yi ƙarya ba, rabinta ce ke shiga.

ZX Spectrum, wadda kamfanin Sinclair na Ingila ya fitar a 1982, tarkonta ya fi wannan sauƙin faɗawa. Bolt 9 na DC take so, kuma bakin wayarta iri ɗaya ne da na adaftocin dikoda da ake sayarwa ko'ina a Oshodi da Obalende. Sai dai a Spectrum tsakiyar bakin ita ce nagetif, yawancin adaftocin yau kuwa tsakiyarsu fozitif ce. Ba ta da kariya daga juyayyar wuta, ba ta ma da makunni. Kana cusawa aikin gama ya gama.

To, wuta ta yi daidai. Sai talabijin, kuma a nan ne ake yanke wa mafi yawan injunan hukunci bisa zalunci.

Wayar da ke fita daga Spectrum ko Commodore 64 zuwa ramin eriya ba hoto tsagwaronsa take ɗauke da shi ba. Kwamfutar tana kwaikwayon gidan talabijin ne, tana watsa shirinta a kan wata tasha, kuma dole ka nemo tashar kamar yadda ake neman NTA a da. Samfurin Turai a tasha ta 36 ta zangon UHF yake, wajen megahaz 591. Na Amurka a tasha ta 3 ko ta 4. Siginar kuma ta analog ce. Tun da aka ƙaddamar da komawa tsarin dijital a Legas a 2021, mutane da yawa sun manta da cewa talabijin na da neman tasha iri biyu. Idan ka bar shi a kan dijital zai yi ta lalube har gobe bai ga komai ba. Shiga cikin saiti ka zaɓi analog. Ko a nan ɗin ma kada ka dogara da neman da yake yi da kansa, domin akwatin siginar ya tsufa, yakan goce daga inda aka saita shi, talabijin kuma yakan tsallake siginar da bai gamsu da ita ba. Nemi da hannu, a hankali, ka wuce 36 kaɗan ka dawo baya kaɗan. Alama ta farko da za ka gani ita ce tsaki-tsakin nan fari da baƙi ya canza kama, ya yi duhu ko ya fara layi-layi. Kashe kwamfutar ka sake kunnawa. Idan allon yana canzawa tare da ita, tana magana, saura a daidaita.

Sai batun tsarin launi. Duniya ta rabu gida-gida a zamanin analog. Amurka da Japan suna kan NTSC, layi 525, hoto na sabuntawa sau 60 a daƙiƙa, launi a kan megahaz 3.58. Ingila da Jamus da Najeriya suna kan PAL, layi 625, sau 50, launi a kan 4.43. Faransa da Tarayyar Sobiyet suka ɗauki SECAM. Idan ka haɗa kwamfutar Amurka da talabijin da PAL kaɗai ya sani, hoton zai fito fari da baƙi, wani lokaci yana mirginawa sama babu tsayawa. Babu abin da ya lalace. A Commodore 64 lambar da ke jikin aisin hoto za ta raba gardama: 6567 na NTSC ne, 6569 na PAL. A cikin PAL ɗin ma akwai rabe-rabe wajen sauti, Ingila tana ɗora shi a tazarar megahaz 6, Jamus a 5.5. Shi ya sa za ka ga Commodore 64 ta Ingila ta ba da hoto garau a talabijin ɗan Jamus amma sai shuuu kake ji. A saitin sauti na tashar ake gyara wannan, a sauya daga BG, tsarin Jamus, zuwa I, na Ingila.

Abin da ya fi waɗannan zurfi shi ne yadda injunan suke zana hoton. Gidan talabijin na gaske yana aika rabin layuka a zagaye ɗaya, sauran rabin a zagaye na biyu, su shiga tsakanin juna su cika 625. Spectrum da Commodore 64 ba sa yin haka. Layi 312 suke aikawa, su sake maimaita su a wuri guda, kuma saurinsu ba 50 cif ba ne, ya ɗan haura kaɗan. Talabijin mai doro bai damu ba, duk inda aka ce ya haska zai haska. Filasma kuwa sai ta fassara siginar zuwa lissafi kafin ta nuna, kuma idan abin da ya shigo bai yi kama da wanda aka koya mata ba, wata ta ce babu sigina, wata ta riƙa ɗauke hoton tana dawo da shi, wata ta nuna shi yana rawa. Filasma biyu na kamfani ɗaya suna iya saɓawa a kan kwamfuta ɗaya. Don haka duk mai son wannan harka a Legas ya nemi ƙaramin talabijin mai doro, inci 14, ya ajiye shi don gwaji. Ana samunsu da araha a wurin masu gyaran rediyo a Agege da Idi-Araba da Mile 12, wasu ma mai su ya kawo gyara bai dawo ba.

Allon kwamfutar ofis mai ramin VGA shi ma ba mafita ba ne. Shi layi 31,500 yake jira a kowace daƙiƙa, waɗannan kuwa wajen 15,600 suke bayarwa. Amiga 500 ta 1987 ce ta fi shan wannan zargi, an haɗa mata waya an ga allo ya ƙi. Tana da wani halin kuma: ramin bidiyonta mai bakin zobe fari da baƙi kaɗai yake fitarwa, haka aka ƙera ta. Launi yana ramin nan mai fil 23, ko ta wani ƙaramin akwati mai lamba A520 da ake cusawa a baya. Ƙananan akwatunan juya sigina zuwa HDMI da ake sayarwa a Ikeja suna aiki sama-sama, amma hoton yakan yi dishi-dishi kuma ya makara, sannan a lura da kibiyar jikinsu, domin akwai mai juya HDMI zuwa tsohon tsari, kuma kamanninsu ɗaya. Akwai na musamman irin su RetroTINK da OSSC waɗanda suka san wannan sigina, sai dai kuɗinsu ya kan fi na kwamfutar.

Waya ba ta buƙatar dogon bayani. Taɓa ta da mita daga baki zuwa baki, ka lanƙwasa ta yayin awon, domin a gindin baki take karyewa. Abin kiyayewa shi ne wayoyi masu zagayayyen baki da fil biyar ko takwas: shigarsu rami ba ya nufin nasa ne. Wayar na'urar wasan Sega da ta Commodore suna kama, haɗin cikinsu daban. A ramin Commodore 64 akwai fil da ke shiga kai tsaye cikin aisin sauti, kuma wayar da ba tata ba tana iya kashe shi.

Kafin ka ɗauki sukundireba, tambayi kwamfutar ko tana da rai ba tare da allo ba. Spectrum tana da ƙaramar sifika a cikinta. Kunna, ka ɗan jira, ka danna harafi, kunnenka kusa da akwatin. Idan ka ji ƙas-ƙas a kowane danni, ƙwaƙwalwarta ta tashi, matsalar tana hanyar hoto kaɗai. A Commodore 64, idan akwai injin faifai a haɗe, rubuta LOAD"$",8 a makance ka danna RETURN. Jar fitilar injin ta kama, ya fara juyawa, to kwamfutar tana ji tana amsawa. Wannan gwaji na minti ɗaya ya raba aikin gida biyu, kuma yana hana mutum taɓa abin da ba ruwansa.

Idan laifin na akwatin siginar ne, a Spectrum ana kewaye shi gaba ɗaya. A yanke wayar bolt 5 da ke ba shi wuta, a raba bakin ramin da abin da ke ciki, a kai layin bidiyo kai tsaye zuwa tsakiyar ramin ta cikin kwandensa mai maikirofarad 100 (100µF). Daga nan sai a jona a ramin nan mai ruwan ɗorawa na talabijin, babu sauran neman tasha, hoton ma ya fi kyau.

Yanzu a ce hoto ya fito amma shirme ne. Wannan abin murna ne, domin shirmen yana da ma'ana ga wanda ya san yadda ake haɗa hoton.

Na ga yadda wani dattijo mai gyaran rediyo a Agege ya karanta irin wannan. Wani saurayi ne ya kawo Spectrum mai madannan roba da ya tsinta a wurin masu bola. Aka jona a ƙaramin talabijin da ke kan benci, tsakiyar allon ya cika da ƙananan murabba'ai masu launi-launi, wasu na ƙyaftawa.

“Baba, ai aisin hoton ne ya tafi, a cire shi kawai,” in ji saurayin.

Dattijon bai ko kalli aisin ba. Ya nuna gefen allon da bakin sukundireba. “Ɗana, wane launi ka gani a nan?”

“Fari.”

“To wanda ya zana maka wannan gefen, da waɗannan murabba'ai a jere babu karkata, shi kake so in cire?”

Ya kashe, ya ɗaga madannan a hankali don kada siraran wayoyinsu na leda su tsage, ya sake kunnawa, ya ɗora baƙar wayar mita a ƙarfen ƙasa, ja kuma a ƙafar ɗaya daga cikin ƙananan aisi takwas da ke jere a gaba. Inda ya kamata a ga 12, allurar ta tsaya ƙasa da haka. Inda ya kamata ta koma baya ta nuna 5 na nagetif, ko motsi ba ta yi ba. Nan take ya zare wuta.

Ga abin da ya karanta. A Spectrum, aisin da ake kira ULA ne ke zana hoto, kuma abin da yake zanawa yana ɗebo shi ne daga wani yanki na ƙwaƙwalwar ajiya mai bayit 6,912 (bayit shi ne ma'aunin ajiyar kwamfuta): guda 6,144 na ɗigo-ɗigon hoto, 768 na launi. An raba allon zuwa murabba'ai masu ɗigo takwas tsaye takwas kwance, kowanne da bayit ɗaya da ke faɗin launin rubutu, launin bango, da ko zai yi ƙyafta. Idan ƙwaƙwalwar ta cika da tarkace, ULA zai zana tarkacen da gaskiya, shi ya sa ake ganin murabba'ai masu ƙyaftawa. Gefen allo kuwa, mayar da shi fari yana cikin umarnin farko-farko da injin ke zartarwa idan ya tashi. Farin gefe na nuna cewa Z80, wato aisin lissafi, ya tashi ya karanta ROM, aisin da ke riƙe umarnin da aka ƙera injin da shi. Lafiyayyar Spectrum daga nan takan yi baƙi da siraran jajayen layuka na ɗan lokaci tana gwada ƙwaƙwalwarta, sannan allo ya yi fari da rubutun Sinclair Research na 1982 a ƙasa. Wadda ta maƙale kafin nan, da farin gefe, ƙwaƙwalwar ajiya ake tuhuma.

Aisi takwas ɗin nan masu lamba 4116 wuta uku suke ci: 5, da 12, da 5 na nagetif. Biyun ƙarshe wani ƙaramin da'ira ne ke samar da su, mai nadin waya da tiransista biyu da aka rubuta wa TR4 da TR5 a fanal. TR4 yana yawan mutuwa, musamman idan an cusa ko an zare wani abu a ramin baya alhali wuta na ciki. Idan nagetif ɗin ya ɓace, barin injin a kunne yana cinye 4116 ɗin ɗaya bayan ɗaya, dalilin da ya sa dattijon ya yi saurin zare wuta ke nan. Da an bi ta saurayin, da an tumɓuke ULA mai wuyar samu an bar tiransistar da kuɗinta bai kai na cin abincin rana ba. Aisin launi mai lamba LM1889 shi ma a kan bolt 12 yake, saboda haka ɓacewar launi a Spectrum ma daga wannan da'ira ake fara nemansa.

Commodore 64 ta fi wahalar karantawa domin cututtuka da yawa fuska ɗaya suke nunawa, wato baƙin allo. Lafiyayya takan buɗe da shuɗin allo, gefe mai haske, da rubutun 38911 BASIC BYTES FREE, sai READY da ɗan murabba'i yana ƙyaftawa. Duk abin da ya kauce wa wannan yana nuna wani wuri. Lambar ta canza, ƙwaƙwalwar ajiya ce. Allo da gefe sun fito amma babu rubutu ko ɗaya, a dubi ROM ɗin BASIC, harshen da ake ba injin umarni da shi. Rubutu yana wurinsa amma haruffan sun zama zane-zane, ROM ɗin haruffa ne ko ƙwaƙwalwa. Haruffa daidai amma kowanne da launinsa, ƙaramin aisi mai lamba 2114 da ke riƙe launi. Komai daidai sai ɗan murabba'in ne babu, aisin 6526 na kusa da ramin madannai.

Baƙin allo shi kansa iri biyu ne, kuma bambancin yana da muhimmanci. Akwai wanda talabijin bai ma san an kunna komai ba, tsaki-tsakinsa yana nan. Wannan na nufin VIC-II ba ya fitar da komai, sai a koma kan fiyus, bolt 12, da'irar agogo, ko shi kansa. Akwai kuma wanda allon ke sauyawa ya zama baƙi sumul a tsaye. A nan VIC-II yana aiki, ba a dai ba shi abin zanawa ba. Babban wanda ake zargi shi ne PLA mai lamba 906114-01, aisin da ke rarraba wa sauran lokacin magana, wanda zafi ke kashewa fiye da kowanne. Bayansa sai aisi takwas na 4164, musamman masu tambarin MT, waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen mutuwa. Yatsa ma kayan aiki ne: bayan rabin minti da kunnawa, taɓa bayan kowanne. VIC-II da aisin sauti dama suna da zafi, amma ƙaramin aisin ajiya da ya ƙona maka yatsa alhali 'yan'uwansa na da sanyi ya tona kansa. Idan aisin sauti a kan soket yake, wato cusa shi aka yi ba a lika shi da dalma ba, a cire shi a gwada, domin injin na tashi ba tare da shi ba, kuma mataccensa yana iya danne komai. Akwai kuma katirijin gwaji da ake kira Dead Test, wanda ke tashi ko ROM ya mutu, ya riƙa walƙa farin allo, yawan walƙiyar na nuna wane aisin ajiya ne ya lalace. Wanda zai riƙa gyaran waɗannan injuna bai kamata ya rasa shi ba.

Amiga ta sauƙaƙa wa mai gyara, da launi take faɗin ciwonta yayin tashi: kore ƙwaƙwalwar ajiya, ja ROM, shuɗi aisi-aisinta na musamman, ruwan ɗorawa kuma aisin lissafi ya ci karo da kuskure. Koren allo a Amiga 500 sau da yawa ba mutuwa ba ce, babban aisin nan mai kusurwa huɗu da ake kira Agnus ne ya saki a soket ɗinsa. A kuma leƙa ƙaramar ƙofar ƙasa, domin katin ƙarin ƙwaƙwalwa na da batir da ke yoyo ya ci layukan fanal su zama kore-shuɗi.

Wasu abubuwan kuma ba cuta ba ne, haihuwarsu aka yi da su. Launi biyu kacal murabba'in Spectrum ke ɗauka, don haka idan mutum-mutumin wasa ya wuce gaban bango launinsu ya cakuɗe, haka take. Ɗan rarrafen da ake gani a gefen haruffanta, da siraran layukan tsaye a bangon Commodore 64, duk na asali ne, filasma ce kawai ke fito da su fili.

Legas tana ƙara nata. Danshin damina da iskar teku mai gishiri suna sa ƙafafun aisi su yi baƙi a cikin soket, kuma injin da ya kwana biyu a sito a Ojo ko Ajegunle da wuya a buɗe shi ba a tarar da kashin kyankyaso ko ƙwan tsaka ba. Kafin a zargi kowane aisi, a ɗaga shi kaɗan da siririn ƙarfe daga gefe biyu, a goge ƙafafun da sifirit mai kyau, a mayar, a danna. Fetur da tina da wasu ke wanke fanal da su suna cin roba, a bar su. Hoton da ke fitowa lafiya sai bayan minti goma ya rikice, zafi ne. A cikin Commodore 64 ta farko akwai wani kwali mai rufin azurfa da ke lulluɓe fanal, a yanayinmu cire shi ya fi alheri, a kuma manna wa VIC-II da PLA ƙarfen shan zafi. Sai baƙin ɗamara mai faɗi da ke hawa allo a hankali: wannan kwandensan tace wuta ne suka bushe, kaɗawar wutar gari tana ratsowa cikin hoto. A wutar NEPA a hankali take tafiya domin saurin wutar da na hoton sun kusa daidai. A ƙaramin janareta, wanda saurinsa ke hawa da sauka, sai ka ga tana gudu. Ni ba na son a ɗora waɗannan injuna a kan ƙaramin janareta ko kaɗan, inbata ko sitabilaiza mai kyau ya fi musu.

Talabijin mai doron kansa yana da nasa laifin. Tabon launi a kusurwa maganaɗisun sifika ne da aka ajiye kusa, a janye ta, a kashe shi ya huce a sake kunnawa. Farin layi ɗaya kwance a tsakiya na nufin da'irar da ke buɗe hoto sama da ƙasa ta mutu, a kashe nan take kafin ya ƙona gilashin. Amma buɗe bayansa ba aikin ɗan koyo ba ne. Kwalbar tana aiki da bolt sama da 20,000, kuma tana riƙe wuta bayan an zare soket. Wannan a kai wa wanda ya san yadda ake sauke ta.

Idan bincike ya tabbatar da aisin da za a cire, a tuna fanal ɗin ya fi aisin daraja. Layukan jan ƙarfen da ke kansa sirara ne, gam ɗin da ke riƙe su ya tsufa, kuma ƙarfen narka dalma irin mai zafin gaske da ake gyaran rediyo da shi yana ɗaga su cikin daƙiƙa kaɗan. Iskar zafi da masu gyaran waya ke hurawa ita ma tana kumbura fanal. Ga ƙananan aisi masu araha irin 4116 da 4164, waɗanda an riga an san sun mutu, hanya mafi aminci ita ce a datse ƙafafunsu da ɗan almakashi, a ɗauke jikin, a zare ƙafa ɗaya-ɗaya, a zuƙe dalmar kowane rami. Kada a lika sabon kai tsaye, a fara dasa soket, a lura da ɗan tsagin da ke nuna gabansa. PLA da ULA da ƙwaƙwalwar 4116 duk suna da sababbin madadi da masu sha'awar harkar ke ƙerawa a Turai da Amurka, ana iya yin odarsu. A canza abu ɗaya, a kunna, a ga abin da ya sauya a allo, sannan a taɓa na gaba.